Tambaya ga injiniyoyi da 'yan kimiyya: ya kuke yi da Turancin takardun aiki?

ɗan_lantarki

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da wata damuwa da ta daɗe ta hana ni sakat, nace bari in kawo ta nan tunda nasan akwai manya da suka riga mu shiga harkar. Ni injiniyan lantarki ne, shekara 4 kenan da fara aiki, kuma da Turanci na yi karatuna gaba ɗaya, hira bata gagarata, imel ma ina rubutawa lafiya lau. Amma da an miƙo min manuwal ɗin wata na'ura ko takardar ƙa'idojin aiki ko maƙalar bincike sai abu ya canza, kalmomin in ka ɗauke su ɗaya ɗaya duk na san su, amma kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta, in koma baya in sake, wani lokacin har sau uku kuma duk da haka hankalina bai kwanta da abin da na fahimta ba. Wata maƙala mai shafi 12 da ogana yace in karanta in yi masa bayani, dare uku na kwashe a kanta.

Abin da yasa na kasa yin shiru shine abin da ya same ni watan jiya. Akwai wani ƙaramin IC, wato ɗan guntun kayan lantarki, mai daidaita wuta da na sa a bod, allon da ake jera kayan lantarki a kai, na duba takardar bayaninsa na ga tebur na farko an rubuta absolute maximum ratings, volt 35, ni kuma layin da zan jona yana kaiwa 30, nace ai da sauran fili. Ashe a ƙasa akwai wani tebur ɗin, recommended operating conditions, nan kuma 25 ne iyaka. Na ɗauka na farkon shine inda zai iya zama yana aiki kullum, ashe bakin rami ne, wurin da in ka ƙetare shi kayan ya mutu. Bod uku suka lalace kafin a gano, kuma ba lissafi ne ya kayar da ni ba, karatu ne. Abin ya tsaya min a rai sosai wallahi.

To wasu kalmomi ya kamata mutum ya riƙe, akwai wani jeri da aka tanada ne? Kuma me zan riƙa karantawa kullum har idona ya saba? Wani abokina yace in kama littattafan labari da jarida, wani yace in haddace ƙamus shafi ɗaya kullum. Lokacin da nake samu bai wuce minti 30 zuwa 40 a rana ba. Na gode.

Tsohon_Makaniki

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah Ya tsare gaba, alhamdu lillahi da bod ne ya ƙone ba mutum ba.

Ni ɓangaren injina nake, na haura shekara 20 ina fama da irin takardun nan, kuma maganar haddace ƙamus ka ajiye ta gefe, ba manyan kalmomi ne ke kayar da mu ba. Kalma irin thermocouple ko capacitor ma'ana ɗaya gare ta, ranar da ka koye ta shikenan. Masu cutar su ne ƙananan nan da ka sani tun kana yaro, waɗanda in suka shigo takardar aiki sai su sake riga. Stress da kowa ya sani damuwa ce, a wajenmu ƙarfin da ya sauka a kan abu ne a raba shi da faɗin wurin, da pascal ake auna shi. Fatigue ba gajiyar mutum ba ce, ƙarfe ne da aka yi ta ɗora masa nauyi ana saukewa sau dubbai har ya tsage, alhali nauyin bai kai wanda zai karya shi a tashi ɗaya ba. Creep, yield, moment, tolerance, plant, duk haka suke. Ku ma kuna da naku a lantarki, bus da ba mota ba, load, lead, da rating ɗin nan da ya kama ka. Illarsu shine ido baya tsayawa a kansu, kana ganin ka san su, shi yasa ko ƙamus ɗin ba zaka buɗe ba. In ma zaka buɗe, kar ka buɗe na gama gari, hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya tana da ƙamus na lantarki a intanet, Electropedia, kyauta ne, kalmomi sun haura dubu 20, kowacce da ma'anar da 'yan sana'a suka yarda da ita.

Sai abu na biyu, wanda shi na fi so ka riƙe. A takardun ƙa'ida irin na ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, da IEC kalmomi huɗu ne suke riƙe da komai, kuma su da kansu sun rubuta a dokar rubutunsu yadda ake amfani da kowacce. Shall dole ne, in baka yi ba aikinka bai cika ƙa'ida ba. Should shawara ce, kana iya kaucewa in kana da dalili. May an baka izini. Can kuma abu ne mai yiwuwa, ko abin da na'urar take iyawa. A makaranta an koya mana shall da will duk zancen abin da za a yi nan gaba ne, to a nan ba zancen gobe ake ba, umarni ne. Masu tsara intanet ma suna da irin wannan, wata takarda mai suna RFC 2119 ta 1997, su da manyan baƙaƙe suke rubuta MUST da SHOULD da MAY don kar wani yace bai gani ba. Na taɓa zama a wani aiki da muka kwashe sati biyu muna ja da ɗan kwangila a kan should guda ɗaya, shi yace shawara ce mu muka dage dole ce, da aka koma takarda shi ke da gaskiya.

Yanzu zancen da kayi na manta farkon jimla kafin ka kai ƙarshe. Ina ganin nasan abin da ke faruwa, don ni ma ya daɗe yana yi min. Mu a Hausa uwar magana ita ke fara fitowa, in kace famfon ruwan sanyi tun kalmar farko an san famfo ake nufi, sauran bayani ne. Bature kuma sai ya jero 'ya'yan duka a gaba ya ajiye uwar a ƙarshe. Duba wannan: high pressure steam supply line isolation valve. Kalma bakwai, kai kana ta ɗauka kana jira ka ji mene ne abin, sai a ta bakwai ka gane ashe bawul ne. To ka juya shi, fara daga ta ƙarshe ka dawo baya: bawul ne, na me, na rufewa, rufe me, layi, layin me, na kawo tururi, wane iri, mai matsi sosai. Da fensir nake ja wa uwar layi a ƙasa lokacin da nake koyo, wata biyu na yi haka hannuna ya daina buƙatar fensir ɗin. Haka in jimla ta yi tsawo, ka nemo aikatau ɗinta tukuna sannan wanda ya yi aikin, sauran duk rataye suke a jikinsu. Irin it was observed that da it has been shown that kuwa kar su tsorata ka, an lura cewa, an nuna cewa, mu ma muna da wannan an ɗin.

Kuma ka riƙa tsayawa cak a kan unless, provided that, otherwise, whereas, respectively. Musamman unless otherwise specified da ake maƙalawa a saman tebur da ƙananan baƙaƙe, yawanci nan ake gaya maka cewa duk lambobin nan a zafin digiri 25 aka auna su, kai kuma akwatinka yana iya kaiwa 60.

Malama_Sinadarai

Baba ya faɗi mafi yawan abin da ke raina, Allah Ya ƙara girma. Ni a lab nake aiki kuma ina koyar da ɗalibai karatun maƙala, bari in ƙara ta ɓangaren jerin kalmomi tunda ka tambaya.

Eh akwai jeri. Wata malama a jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar da shi a 2000, sunansa Academic Word List. Ta tattara rubutun jami'a na kalmomi miliyan 3.5, ta cire kalmomi 2000 da aka fi amfani da su a Turancin yau da kullum, wato tsohon jerin Michael West na 1953, sannan ta zaɓo dangin kalmomi 570 da suke ta maimaituwa a kowane fanni. Dangi ina nufin analyse da analysis da analytical duk gida ɗaya ne. Waɗannan 570 ɗin kaɗai suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, kenan kusan kowane layi sai ka haɗu da ɗaya. An raba su kashi 10, na farko shine mafi yawan fitowa, a ciki zaka ga assume, derive, estimate, indicate, occur, vary, significant. Ka sauke shi ka bi da biro ka soke waɗanda ka tabbatar ka sani, ina zaton ba za su rage da yawa ba tunda kayi digiri, ragowar ne aikinka.

Abin da yasa kake jin nauyi kuma akwai lissafi a ciki. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna mutum yana buƙatar sanin wajen kashi 98 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba tare da taimako ba, wato baƙuwa ɗaya a cikin 50. In kashi 95 ka sani, baƙuwa ɗaya ce a cikin 20. A baki kamar tazarar ba yawa, amma a shafi mai kalma 500 na farko baƙi 10 gare shi na biyu 25, kuma da zarar baƙin sun yi yawa a jimla ɗaya ba zaka iya cankar ma'anarsu daga maƙwabtansu ba don maƙwabtan ma baƙi ne. Shi yasa nake ce wa ɗalibaina su daina tsalle daga wannan fanni zuwa wancan. Ka ɗauki abu ɗaya, misali masu daidaita wutar nan da suka baka wahala, ka karanta takardu biyar ko shida a kansu a jere daga kamfanoni daban daban, ta farko zata ci maka rai, ta huɗu zaka ga kana gudu don kalmomin su ne dai suke dawowa.

Ita maƙalar da ta cinye maka dare uku, ina kyautata zaton daga layin farko ka fara ka nufi na ƙarshe kamar labari. Ba a yi mata haka. Yawancinsu tsari ɗaya ne, gabatarwa, yadda aka yi gwajin, abin da aka samu, sai tattaunawa. Wani farfesan kwamfuta, S. Keshav, ya rubuta gajeriyar shawara a 2007 cewa a bi maƙala sau uku, zagayen farko minti 5 zuwa 10 kacal, take da taƙaitawar sama da gabatarwa da kanun sassa da kammalawa. Ni nakan ƙara da hotuna da jadawali tun da wuri, don in ka gane me ke kwance me ke tsaye a jadawalin ka riga ka san inda marubucin ya dosa, Turancin sai ya zama rakiya kawai.

Abin da na fi jin tsoro a wajen ɗalibai shine kalmomin taka tsantsan. Masanin kimiyya in ya rubuta the results suggest ko appears to ko may contribute, bai ce ya tabbatar ba, amma sai ɗalibi ya zo min yace an gano cewa kaza ne ke jawo kaza. Suggest daban, demonstrate daban. Kwamitin sauyin yanayi na IPCC har lamba suka sa wa nasu, likely daga kashi 66 zuwa sama, very likely daga 90, virtually certain daga 99. Significant ma a maƙala ba babba ko muhimmi take nufi ba, tana nufin lissafin ƙididdiga ya nuna da wuya a ce dace ne kawai, bambancin yana iya zama ɗan mitsitsi. Ga accuracy da precision, sikelin da zaka ɗora masa giram 10 sau biyar ya baka 10.52 duk sau biyar ɗin yana da precision, accuracy ce bashi da ita.

Wajen riƙewa, tun 1885 Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, maganinta bita ana ƙara tazara. Manhajar Anki ita take lissafa maka ranar bitar. Amma dan Allah kar ka sa kalma tsirara a kati, ka kwafo jimlar da ka tsince ta a ciki. Kalma 5 a rana ta isa, minti 10, sauran lokacin karatu.

Littafin labari ba laifi, yana ƙara saurin ido, amma da minti 30 ɗinka ni ba zan kashe shi a can ba.

injiniya_sabo

Anti kiyi haƙuri amma ni jerin Coxhead ɗin nan bai min aiki yadda ake faɗa ba, na gwada shi wajen wata biyu. Cikin fannonin da ta tattaro akwai shari'a da kasuwanci, shi yasa tun a kashi na farko zaka tarar da legislate da income da labour da finance, ni kuma da nake aikin siminti da rodi yaushe zan haɗu dasu, sannan kalmomin da nake gani kullum a takardun aikina da yawansu basa ciki sam. Abin da ya taimake ni shine na haɗa nawa jerin, akwai wata manhaja AntConc da Laurence Anthony na jami'ar Waseda a Japan ya yi, kyauta ce, na kwashi takardun da nake aiki dasu guda 30 na mai dasu rubutu zalla na zuba mata, ta jero min kalmomin daga mafi yawan fitowa zuwa ƙasa kuma in ka danna kalma sai ta nuno maka duk jimlolin da ta fito a ciki a jere, a nan ne na gane yadda ake amfani da subject to da in accordance with wanda da can wucewa kawai nake yi.

Sai kuma saiwar kalmomi na Girkanci da Latin, wannan kam riba ce tsantsa, thermo zafi, hydro ruwa, iso daidai, exo waje, endo ciki, poly da yawa, to isothermal da exothermic da endothermic ka samu uku a kyauta, anhydrous kuma marar ruwa. Amma a kula da guda ɗaya don tana iya kashe mutum, inflammable. Mun saba in a farkon kalma korewa ne kamar insoluble da inactive, sai mutum ya ɗauka inflammable abin da baya kama wuta ne, alhali ita da flammable abu ɗaya ne, mai saurin kamawa. Wanda baya kamawa shine non-flammable.

Malama_Sinadarai

Ba wani haƙuri ƙanina, gaskiyarka ce, kuma masana ma sun yi wannan sukar cewa kowane fanni da irin kalmominsa. Ni dai nafi so ya fara da jerin don kwana biyu zai yi ya gama tacewa, sannan ya koma irin naka. Inflammable kuwa na gode da ka tuna, duk sabon da ya shigo lab ɗinmu ranar farko nake gaya masa.

ɗan_lantarki

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba wannan dabarar ta farawa daga ƙarshe na gwada ta yanzun nan a manuwal ɗin inbata da ke gabana, akwai wani wuri kalma shida a jere da na daɗe ina tsallakewa, ashe fis ake nufi. Tambaya ɗaya ta rage, me kuke gani game da manhajojin fassara da waɗannan na AI, in kwafa sakin layi in ce su sauƙaƙa min ko su juya min Hausa? Ina yi wani lokacin amma sai in ji kamar ina yaudarar kaina.

mai_gyaran_jirgi

Ɗan'uwa ni ina amfani dasu amma da sharaɗi, sai na fara karantawa da kaina na rubuta a layi biyu abin da na fahimta, sannan in tambaye ta in gwada da nawa. In ka fara da ita kai baka yi motsa jikin ba, gobe ma sai ka neme ta. Kuma na sha kama ta tana sauƙaƙa jimla ta haɗiye unless ko ta mai da should ta koma kamar dole, to ainihin wurin da ake tsoro kenan. A kan abin da ya shafi rai ko sa hannu a takarda, asalin rubutun shine hujja ba fassarar ba.

Bari in gaya maka abin da ke akwai a harkarmu ta gyaran jiragen sama, ina ga zai ƙarfafa maka gwiwa. Matsalar nan taka ba taka kaɗai ba ce, kamfanonin jiragen Turai sun gane makanikai a duniya da yawansu Turanci ba harshen uwa ba ne, kuma manuwal ɗin duk da shi ake rubutawa, shine suka ƙirƙiro wani taƙaitaccen Turanci na aiki, Simplified Technical English, an fara fitar da shi 1986, yanzu lambarsa ASD-STE100. Kalmomin gama gari da aka yarda a yi amfani dasu wajen 900 ne, kuma galibi kowacce ma'ana ɗaya aka bata. Follow tana nufin zuwa bayan wani abu kawai, in bin umarni ake nufi obey za a rubuta. About tana nufin game da, in kimanin ake nufi sai a ce approximately. Jimlar umarni bata wuce kalma 20, ta bayani 25, kuma tarin sunayen nan da Baba ya yi magana an hana ya wuce uku a jere. Ana neman takardar a shafinsu su baka kyauta, ka karanta ɓangaren ƙamus ɗin, don duk kalmar da suka hana sun sa wadda za a yi amfani da ita a madadinta da misali, kenan jerin kalmomi masu rikita mutane ne aka tara maka wuri ɗaya. Zai gyara maka rubutun rahoto ma.

Sai kalmomin gargaɗi, a tsarin Amurka na ANSI Z535 ba ado ba ne. Danger, in baka kiyaye ba mutuwa ko mummunan rauni zai faru. Warning, yana iya faruwa. Caution, rauni ƙarami ko matsakaici. Notice kuma ba rauni a ciki, yawanci lalacewar kaya ne.

Kuma duk takardar da ka ɗauka ka fara duba daga ina ta fito. Ba'amurke yace ground mutumin Ingila yace earth, wannan wrench wancan spanner, wannan ba komai, inda ake shiga uku shine ma'auni. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne na Ingila 4.546. Ton na Amurka kilo 907, tonne kilo 1000. Takardar da ta fito daga Jamus ko Faransa tana iya rubuta 1,500 tana nufin ɗaya da rabi. Ƙaramin m da babban M, mW da MW, wato milliwatt da megawatt, tazararsu ninki biliyan ɗaya. Hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a Satumbar 1999 saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin ƙarfi na fam, mai karɓa kuma tana ɗauka da ma'aunin newton ne, bambancin ninki 4.45, kumbon ya sauka ƙasa da inda aka tsara a sararin Mars aka daina jin ɗuriyarsa. Rahotannin binciken haɗari irin wannan ma abin karantawa ne mai kyau ga minti 30 ɗinka, hukumomin Amurka irin NTSB ta haɗuran sufuri da CSB ta haɗuran sinadarai suna sa nasu a intanet kyauta, labari ne mai jan hankali daga farko zuwa ƙarshe amma Turancin na injiniyoyi ne zalla.

ɗan_lantarki

Na sauke jerin 570 ɗin jiya da dare, na bi kashi uku na farko, 23 ne na kasa faɗin ma'anarsu kai tsaye, na zuba su a Anki da jimlolinsu kamar yadda Malama tace. Na kuma tara takardun bayanin IC guda biyar zan bi su a jere wannan satin. Amma tun a ta farko na ci karo da nominal sau huɗu, ƙamus yace wai na suna ko ɗan kaɗan, ni kuma duk biyun basu zauna min a jimlar ba.

Tsohon_Makaniki

Na suna ɗin shine daidai ƙanina, sunan da ake kiran abu da shi, ba abin da mita zata nuna maka ba. Batirin mota ana ce masa na volt 12, in ya cika ka auna zaka ga wajen 12.6, to 12 ɗin shine nominal. Bututun ƙarfe da ake kira na inci 2, in ka sa ma'auni a bayansa milimita 60.3 zaka samu, ba 50.8 ba. Saboda haka duk inda ka ga nominal a tebur ka nemi min da max da ke kusa da ita, da su zaka yi lissafin tsaro, haka ma typical, ita ma ba alƙawari ba ce daga kamfani. In kuma ka ji ta a bakin masu harba kumbo suna cewa komai nominal, su a wajensu komai yana tafiya yadda aka tsara kenan. Turo jimlolin huɗu mu gani ko duk ma'ana ɗaya suka ɗauka.